Kawu, Ga Abin Da Na Gani Game Da Bakin Katako A Inegol

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yaran shago baki ɗaya. Kun ce in riƙa buɗe ido ina kawo muku labarin aiki, to yau kan bakin allo zan yi magana, domin tun da na zo garin nan shi ya fi tsaya mini a rai.

Inegol gari ne a lardin Bursa na Turkiyya, kuma kusan duk lungun da mutum ya leƙa ƙarar zarto zai ji. Ku ɗauki 'Yan Katako na Na'ibawa, ku shimfiɗa shi ya zama gari guda. Allonsu ma ya fi namu girma. Mu mun saba da ƙafa 4 da ƙafa 8, su na MDF ɗinsu, wato allon garin katako da aka matse, santimita 210 ne da 280. Ƙaramin kafinta ba ya wahalar yanka: zai tura awonsa ta waya zuwa shagon masu yanka, su yanka, su liƙa tef, wato siririyar robar da ake rufe bakin allo da ita, su lissafa kuɗin tef ɗin da mita, mota ta kawo masa kowane guntu da lambarsa a jiki.

Kun tuna sif ɗin da na haɗa wa ƙanwata lokacin bikinta? Ni na liƙa tef ɗin da hannuna, da gam mai warin nan, na bi shi da guntun katako ina dannawa. Hunturu ɗaya ya yi, gefen ƙofar ya fara ɗagowa kamar ɓawon rogo. Da damina ta zo, ruwan goge ɗaki ya shiga ta ƙasa, allon ya kumbura ya koma dusa. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma duk ranar da na je gidanta idona a kan ƙofar nan yake. Shi ya sa da na shiga masana'antar da nake aiki, injin tef na fara zuwa kallo.

Injin yana narka gam a zafin da ya kai wajen digiri 200, ya danne tef ɗin, ya datse, ya goge, duk a wucewa ɗaya. Akwai wani gam da ake kira PUR, wanda in ya kama ya kama ke nan, zafi ba ya sake narka shi, ruwa ma ba ya cinsa da sauƙi. Manyan kamfanoni kuma suna da na leza, wanda ba gam a ciki sam, fuskar baya ta tef ɗin ake narkawa ya manne da allon. Wannan duk na kallo ne a wurinmu. Da wutar da muke samu a Kano da kuɗin man janareta, ba zan ce ku sa rai ba.

Abin da ya ba ni mamaki, Kawu, kayan da suka fi tsada a nan yawanci ba tef a bakinsu.

Na farko, teburin cin abinci mai daraja, da katako na gaske ake rufe bakinsa. Wani dattijo da nake aiki a ƙarƙashinsa ya nuna mini. Ya tsaga siririn katako mai kaurin milimita 8, faɗinsa ya ɗara kaurin allon kaɗan, wato in allon 18 ne sai ya yi 20. Ya shafa farin gam a fuska biyu, ya ɗaure da matsi, ya bar shi ya kwana. Da safe ya feƙe abin da ya yi tsini har ya yi daidai da fuskar allon, ya zagaye kusurwar, ya bi da samfefa. Sai ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce in rufe ido in nemo mahaɗar. Na shafa, na sake shafawa, ban same ta ba. Wallahi sai da na tuna tsohon kabad ɗin Inna na madaci, wanda ya girme ni kuma har yau bakinsa bai motsa ba. Wannan aikin kun iya shi tun kafin a haife ni, mu yara ne muka yar da shi don sauri. Madaci muna da shi, kawo muna da shi, malaina ma za ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne, katakon ya bushe sosai. In aka sa ɗanye, iskar Disamba za ta tsotse shi ya ja jikinsa, mahaɗar ta buɗe.

Na biyu shi ne fenti, su suna ce masa lake. Ƙofar MDF tsirara ake ɗauka, a fitar mata da baki mai lanƙwasa da inji, sannan a yi feshi. Sirrin yana wurin shirya bakin, saboda bakin MDF shan fenti yake kamar yashi ya ga ruwa. Sukan toshe shi da fentin share fage sau biyu ko uku, tsakanin kowanne a goge, daga samfefa mai lamba 180 zuwa 240 zuwa 320. Mu a gida sau ɗaya muke watsawa mu hau launi, shi ya sa bakin ke fitowa da kaushi alhali fuskar tana sheƙi. Masu feshinmu ba hannu suka rasa ba, haƙuri ne da ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Akwai kuma wanda ake lulluɓe ƙofar gaba ɗaya da ledar PVC, inji ya zuƙe iska ledar ta kwanta har gefe. Yana da kyau a ido, amma kusa da murhu yakan saki, don haka ban ba ku shawararsa ba. Filawud mai kyau kuwa, mai falle 13 a kaurin milimita 18, barin bakinsa suke a fili su shafa mai kawai. Wanda ake kawo mana cike yake da ramuka a ciki, ba zai yi ba.

Ɗaya abin da nake roƙo ku fara tun yanzu shi ne na kicin da ƙasan sif. A nan ba a ajiye allo a kan daɓe. Ƙafafun roba ake sa wa, su ɗaga shi kamar santimita 10, a rufe gaban da sandar alminiyam. Gefen ƙofofin da ke kusa da wurin wanke-wanke ma alminiyam ake sa musu su rungume bakin. Ku aiki yaro Ƙofar Ruwa ya duba wa masu kayan taga, ina kyautata zaton za a samu wanda zai hau allon 18.

Na san abin da za ku ce: uban amarya ya zo da kuɗinsa a ƙirge, gado da sif da madubi yake so kafin sati uku. Ku yi guntun allo biyu ku ajiye a bakin shago, ɗaya da tef, ɗaya da bakin madaci, ku tsoma gindinsu a ruwa su kwana, ku miƙa masa ya riƙe da hannunsa. Ko ƙofofi da ƙasa kaɗai ya yarda a yi wa, an rage asara.

Na sayi bakin inji guda biyu na zagaye kusurwa, zan ba wani ɗan Fagge da zai taho bayan salla ya kawo muku. Ƙofar sif ɗin ƙanwata kuma don Allah a je a ciro ta a sake mata baki da madaci, kuɗin yana wuyana. A gaida Inna.