Na gwada kotlinx.serialization a manhajar lokutan sallah

Jama'a masu haɗa manhajar Android da Kotlin, ga abin da na gani game da kotlinx.serialization, laburaren nan na kamfanin JetBrains mai juya bayanan JSON zuwa class ɗin Kotlin, da aka fitar da siga ta 1.0 a 2020. Ni dai a wata 'yar manhajar lokutan sallah na yi aiki da shi, wadda take ɗebo bayanai daga Aladhan, wani shafin intanet mai ba manhajoji lokutan sallah, kuma duk wanda ya taɓa buɗe JSON ɗin da suke turowa ya san abu ne cikin abu kamar kwanukan jere, ka buɗe wannan ka tarar da wani a ciki. Akwai data, a cikinta akwai timings inda su Fajr da Dhuhr da Asr suke, sannan ga date, cikinta hijri, cikin hijri month, sai a can ƙasa za ka samu sunan wata da Larabci.

A da da hannu nake tono su, getJSONObject a kan getJSONObject har layin ya fita daga sikirin, ga try da catch ko'ina, idan abu ya fashe sai ka yi ta lalube. Yanzu kowane mataki data class ɗinsa nake yi masa in ɗora @Serializable a kai shikenan. Tunda sun rubuta Fajr da babban baƙi sai in sa @SerialName("Fajr") in kira tawa asuba, in ina son sunan wata kuwa amsa.data.date.hijri.month.ar kawai zan rubuta, Android Studio ma na ƙarasa min.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsaurinsa, duk da na san wasu shi ne ke korarsu. Idan saba (server) ta turo wani key da ba ka ambata ba, misali Imsak ko Midnight, ba zai yi shiru ba, tsayawa zai yi ya faɗa maka sunan key ɗin da hanyar da aka bi aka kai wurin, irin $.data.timings haka. In ba ka buƙatar su sai ka sa ignoreUnknownKeys = true, ni ma na sa don ba duka nake nunawa ba. Amma idan filin da kake jira ne bai zo ba kuma ba ka ba shi default ba, nan ma zai yi magana nan take, ba zai cusa maka null a ɓoye ba sai can mutum ya buɗe manhaja da asuba ta mutu a hannunsa. Wallahi a manhajar sallah wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara ta fashe a gabana tun ina gwaji.

Wuri ɗaya da sai ka lura, in lokutan rana ɗaya ka nema data abu guda ce, in kalandar wata ka nema sai ta zo a jeri. Na yi class ɗaya Amsa<T>, wani wurin T ya zama Rana (class ɗin bayanan rana ɗaya) wani wurin List<Rana>, ya tafi lafiya lau da Retrofit, laburaren da ke ɗebo bayanai daga intanet, tunda daga sigar Retrofit ta 2.10 sun saka converter ɗin kotlinx.serialization a cikin nasu.

Wahalarsa a farko take, sai ka saka plugin a Gradle wanda sigarsa ta yi daidai da ta Kotlin ɗinka, kuma class suna yawa gaskiya, amsa ɗaya sai ta ci maka fayil guda. Amma da yake lokacin compile yake haɗa komai ba ya dogara da reflection (wato binciken class lokacin da manhaja ke aiki), da na kunna R8, mai rage girman manhaja, na fitar da release ban sha fama da dokokin ProGuard, masu faɗa wa R8 abin da kada ya taɓa, a kan waɗannan class ɗin ba. In Java zalla kake rubutawa ba naka ba ne, sai Kotlin.