Akwatunan aro na gidan tarihin Field: darasin da ake taɓawa da hannu

Tun 1911 gidan tarihi na Field da ke Shikago a Amurka yake ba malamai aron kayan koyarwa, da kuɗin da attajirin banki Norman Wait Harris ya bayar. Shi ya sa sashen ke ɗauke da sunansa. Sai malami ya yi rajista, ya zaɓi abin da yake so ta intanet, sannan ya je ya ɗauko da kansa.

Kayan iri biyu ne. Akwai akwatin katako mai fuskar gilashi, a ciki an tsayar da tsuntsu ko wata ƙaramar dabba kamar mai rai, cikin irin ciyawar da take zama. Yana da kyau ƙwarai, amma na kallo ne kawai, ga nauyi. Kada a ajiye shi gefen taga, rana tana kashe launin gashin tsuntsu. Kada kuma a buɗe gilashin, domin a da da gubar asenik ake kare irin waɗannan fatu daga ƙwari.

Na biyun shi ne ya fi amfani a aji: akwatin da yara ke ɗaukar abin da ke ciki, su juya, su shafa. Ƙoƙon kan dabbobi, fatu, duwatsu, kayan al'adun mutanen da, wasu na asali wasu kwaikwayo, tare da littafin jagora. Ɗauki darasin haƙora. A ba rukunin yara huɗu ƙoƙon kai biyu, kada a faɗa musu sunan dabbar. Mai dogayen fiƙoƙi da ramukan ido suna duban gaba mafarauci ne. Mai faffaɗan turame da idanu a gefe, ciyawa yake ci, kullum yana tsaron bayansa. Da kansu za su gano.

A shimfiɗa tawul a kan tebur tukuna, a riƙe ƙoƙon kan da hannu biyu. Muƙamuƙin ƙasa ba a manne yake ba, shi ne ke fara faɗuwa, haƙora su zube. Fata kuwa a shafa ta yadda gashin ya kwanta, da hannu a wanke.

Inda malamai ke shan wahala shi ne ƙirge. A duba kayan da takardar lissafi ranar ɗauka, a sake dubawa kafin a saki yara daga aji, domin ƙaramin dutse ba ya wuyar shigewa aljihu. Wanda kuma bai karanta jagoran ba kafin ranar darasi, rabin lokacinsa a tsawatar wa yara zai tafi.