A-kori-kurar hannu da na saya don jan tirela: yadda muka kaya a kilomita 1,600

Canjin wurin aiki ne ya ɗaga mu zuwa wani gari mai nisan kilomita 1,600 da 'yan kai. Na zauna na yi lissafi, na ga maimakon in damƙa wa kamfanin kwasar kaya kuɗi su tafi ke nan, gara in sayi a-kori-kura ta hannu, in yi hayar tirela mai rufi, in ja kayana da kaina. In mun isa motar tana nan, ko in riƙe ko in sayar. Yau wata huɗu da sauka, zuciya ta kwanta, shi ya sa nake ganin zan iya yi wa motar adalci.

Shekararta 11, ƙofa huɗu, injin fetur mai silinda 8, giya otomatik, ta ci kilomita 210,000. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don duk abin da ya ba ni wuya ko dai na tsufa ne, ko sakacin mai ita na farko, ko kuma gangancina.

Ranar ciniki mai motar ya daki bodinta ya ce, "Malam, wannan tan huɗu take ja ko gezau." Kuma ba ƙarya ya yi ba, haka littafinta ya nuna. Sai dai akwai wata lamba da bai ambata ba, ni ma ban san in tambaya ba. In ka buɗe ƙofar direba za ka ga 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin, a nan aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka a kanta, mutane da kaya duka. Tawa kilo 690 ne. Abin da mota za ta ja daban, abin da za ta ɗauka daban, kuma na biyun ne ke fara ƙarewa, domin wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a jikin mota, yana danne bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar, kuma wannan dannewar cikin kilo 690 ɗin ake cire ta. Sunan mota ma ba ya raba gardama: Ford F-150 biyu na shekara ɗaya za su iya bambanta sosai, gwargwadon injin, yawan ƙofofi da irin giyar aksul ɗin baya. Takardar ƙofa ita ce alƙali.

Abu guda da na yi daidai shi ne kai ta wurin bakanike kafin in biya. Dattijo ne mara yawan magana. Bai ko saurari injin sosai ba, man giya ya nufa. Ya zaro ma'aunin ya goga a farar takarda, ya miƙo mini ya ce in sansana. Maimakon ja garau, man ya koma ruwan ƙasa, yana ɗan ƙauri. Ya ce, "Injin nan zai kai ka ya dawo da kai. Giyabos ne zai ci amanarka a kan tudu, zafi ke kashe shi." Ya shiga ƙarƙashi da tocila yana ƙwanƙwasa shasi da guduma, tsatsar ta sama-sama ce, ba ta ci ƙarfe ba. Ya jona na'urar karanta kwamfutar mota, ba wani abin tashin hankali. Da ya zo kan tayoyi ya nuna mini lambobi huɗu a gefen kowace: 2317, wato mako na 23 na shekarar 2017. Zanensu bai suɗe ba, amma robar ta tsufa, har ta fara tsattsagewa. Da wannan na samu aka yi mini ragi, ragin kuma ya tafi a sababbin tayoyi masu ɗaukar nauyi, sabon man giya da na birki, ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, da na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota. Duk mai shirin irin wannan sayayya ya ware kuɗin gyara tun kafin ya fara taya mota.

Ranar tafiya muka loda. Tirela ta cika, sauran kaya na jibga a bayan motar: injin wanki, akwatin kayan aiki, katan-katan na littattafai. Da na ja da baya na dube ta, gindi ya zauna, hanci ya ɗaga sama kamar mai hangen hadari. Maman yara ta ce, "Baban Amira, anya motar nan ba ta yi nauyi ba?" Na ce tan huɗu fa take ja. A hanya na ji sitiyari ya yi sakayau, kamar tayoyin gaba ba su taka ƙasa sosai. Na ratse wurin sikelin manyan motoci, aka auna. Tirela kilo 2,800, wuyanta na danne mota da kilo 360. Mu huɗu kusan kilo 230. Saura kilo 100 ke nan, ni kuwa na zuba wajen 300 a baya.

A nan na tafka wautar da ta fi ta farko. Don in sauƙaƙa wa motar, na kwashe littattafan da akwatin kayan aiki na tura su can ƙarshen tirela, bayan tayoyinta. Mota ta miƙe tsaf, na ji daɗi. Ba mu yi kilomita 40 ba wata babbar mota ta wuce mu, iskarta ta bugi tirelar, sai na ga a madubi ta fara kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har motar ma ta fara bin ta. Yara suka yi tsit. Allah ya taimake ni na tuna abin da bakaniken ya ja mini kunne a kai: kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur, ka matsa birkin tirelar da hannu. Ta daidaita. Na gangara gefe na zauna, gwiwoyina na rawa. Nauyi in ya koma bayan aksul, wuyan tirela ya yi sauƙi, to ta samu abin lilo. Awa biyu muka yi a bakin hanya muna sake lodi, masu nauyi a ƙasa, a kan aksul da ɗan gabansa, an ɗaure tam. Bayan motar muka bar shi kusan fayau. Wani tsohon kabad da teburi da ba su samu wuri ba, mai gadin gidan mai na gaba ne ya ci rabonsa.

Daga nan motar ta nuna halinta na kirki. Ban wuce gudun kilomita 90 ba. A hawa tana sauke giya ta yi gurnani, amma ba ta taɓa gazawa ba, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Maɓallin jan kaya da ke jikin sandar giya ya yi rana, musamman a gangara, inda yake riƙe ƙaramar giya injin ya taya birki aiki, ba sai ka yi ta taka shi har ya ɗau zafi ya daina kamawa ba. Duk tsayawa sai na zagaya: sarƙoƙi biyun nan da ake gittawa ƙarƙashin wuyan tirela, filogin fitilu, iskar taya, sannan in kai bayan hannu kusa da cibiyar kowace tayar tirela in ji ko boris ya yi zafi. Kujeru na da faɗi, yara sun sha barci. Ribas da tirela kuwa sai da na sha dariyar mutane a gidan mai kafin na gane dabarar riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannu ya nufa nan tirela za ta bi.

Shan mai ne ban yafe mata ba. Ba kaya tana shan lita 14 a kilomita 100, da tirela ta haura 24. A lissafina na farko ban sa wannan ba, kuma ya cinye kusan rabin ribar da nake taƙama zan ci a kan kamfanin kwasar kaya. Fitilar sigina ta tirela ma ta ɗauke sau biyu, tsatsa ce a filogin, sai da na kankare.

A aikin da na saye ta dominsa, na ba ta huɗu cikin biyar. Kwana uku, ba ta tafasa ba, ba ta bar mu a daji ba. A zaman yau da kullum kuwa ba ta dace da ni ba: wurin ajiye ta a sabon gidan matsattse ne, zuwa ofis da ita ɓarnar mai ce. Makon jiya na wanke ta na sa ta a kasuwa. Mutum na farko da ya zo dubawa, tambayarsa ta fari ita ce tan nawa take ja. Na buɗe masa ƙofar direba na nuna masa takardar.