Fo ko banɗaki, wanne za a fara wa yaro?

Mata a nan Jidda sun sha tambayata: a ɗora yaro kan fo ne, ko a wuce da shi banɗaki?

Fo ba tsada, ƙafar yaro na taɓa ƙasa, hankalinsa kwance. Sai dai wanki bayan kowane zama, ga fargabar ya kife a kafet ɗin da ake salla. Wannan ya fi damuna, don najasa a kafet wuyar fita gare ta.

Banɗaki kuwa yaro na koyon tsarki da wuri, amma ramin na tsorata wasu, ga santsin tayil, dole ki tsaya kansa.

Mai ɗan shekara 2 matsoraci ta ɗauki fo. Wadda nata ya kusa shiga rauda, wato makarantar yara ta kafin firamare, banɗaki ya fi mata.