Partagás Serie D No. 4: Sharhi Kan Tabar Ganye Mai Nauyi Ta Ƙasar Kyuba

Daga cikin tabar ganye da ake naɗewa da hannu a ƙasar Kyuba, wadda mashaya suka fi ambata idan ana maganar ƙarfi da cikar ɗanɗano ita ce Partagás Serie D No. 4, kuma da yake na daɗe ina shanta jefi-jefi, na ga ya dace in rubuta abin da na samu a cikinta domin amfanin wanda yake tunanin zuba kuɗinsa a kai. Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai ƙarfin nikotin, wanda yake hawa kai ya sa jiri, akwai kuma nauyin hayaƙi, wato yadda yake cika baki ya zauna a harshe ya bar ɗanɗano bayan an fesar da shi. Ana samun taba mai bugarwa wadda bakinta salam yake, ana kuma samun mai ɗanɗano wadda ba ta da kaifi ko kaɗan. Abin da ya sa nake girmama wannan kara shi ne ya haɗa duka biyun, kuma ɗanɗanon ne yake jan ragama, ƙarfin yana biye da shi a hankali har zuwa ƙarshe.

Sunan Partagás ya samo asali ne daga Jaime Partagás, mutumin yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, wanda ya kafa masana'antarsa a Habana, babban birnin Kyuba, a shekarar 1845, kuma tsohon ginin masana'antar yana nan a bayan Capitolio, wato ginin majalisar dokokin ƙasar, har yau. Karan da nake magana a kansa gajere ne mai kauri, irin wanda ake kira robusto, tsawonsa milimita 124, kaurinsa kuma lamba 50 a ma'aunin masu sana'ar, wanda ya kusan milimita 20. Ana gane shi da jan zoben takarda mai rubutun ruwan zinare, ba tare da wani ado mai yawa ba, kuma yana zuwa a akwatin katako marar fenti mai ɗaukar kara 25 ko 10, ko kuma a cikin bututun alminiyam ɗaya-ɗaya.

Ganyensa gaba ɗaya daga Vuelta Abajo yake, a lardin Pinar del Río da ke yammacin tsibirin, inda gonakin San Juan y Martínez da San Luis suka yi suna a duniya. Sanin yadda ake haɗa ganyen yana taimaka wa mai sha ya fahimci abin da yake ji a bakinsa. Ganyen ciki iri uku ne gwargwadon inda aka tsinko shi a jikin shuka. Na ƙasa, wanda suke kira volado, ba shi da ɗanɗano sosai, aikinsa shi ne ya sa wuta ta ci daidai. Na tsakiya, seco, shi ne mai ƙanshi. Na sama kuwa, ligero, shi ne ya fi shan rana, ya fi kauri da maiƙo, ya fi nikotin, kuma shi ake bari ya fi daɗewa a ajiye bayan an shanya shi an tara shi a tsibi ya nuna, domin kaifinsa ya kwanta. Mai naɗi yana sa ligero a tsakiyar kara saboda shi ne mai jinkirin cin wuta, sannan ya ɗaure da wani ganye, ya lulluɓe da ganyen waje mai laushi wanda aka noma a ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta kaurara shi. Nauyin Serie D No. 4 daga wannan ligero yake fitowa, kuma shi ne dalilin da ya sa duk wanda ya yi ta zuƙa babu hutawa zai ga wutar ta cinye gefe ta bar tsini a tsakiya, ɗanɗanon kuma ya koma ƙauri.

Idan aka ɗauki kara mai lafiya a hannu, za a ga ganyen waje launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, yana da ɗan sheƙin mai, jijiyoyinsa sirara ne a kwance. Idan aka matsa shi tsakanin yatsu biyu yana ɗan lotsawa ya dawo, ba ya ƙara kamar busasshen ganye. Kafin a kunna, ƙanshinsa na ciyawa busasshiya ne da katako da wani wari mai kama da na turke, wanda baƙo zai iya ƙyama amma masu sha suke ɗauka alamar ganye ya nuna. Ina yanke ɗan kan ne kawai, kamar milimita biyu ko uku, domin idan aka zarce layin murfin ganyen waje yana warwarewa a baki. Ina kunnawa da ashana mai tsawo bayan kan ashanar ya gama ci, ko da laita mai gas, ina juya gindin karan a saman harshen wutar har gefen ya yi ja ko'ina, kafin in kai shi baki. Laita mai fetur tana ɓata ɗanɗano tun daga zuƙar farko.

Sulusin farko na karan yana buɗewa da yaji. Yaji irin na masoro ne yake fara bugun harshe da bayan maƙogwaro, kuma idan aka saki ɗan hayaƙi ta hanci sai an ji shi har ido ya kawo ruwa. Wannan ba ya wuce mintuna kaɗan, sai yajin ya ja da baya, ƙanshin ƙasa mai danshi da na katako su fito. Hayaƙin fari ne mai kauri, kuma tun a nan ake gane bambancinsa da taba marar nauyi, domin bayan an fesar sai a ji kamar an shafa wa harshe da dasashi wani abu mai maiƙo da ba ya saurin gushewa.

Sulusin tsakiya shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa, kuma a nan nake rage zuƙa zuwa sau ɗaya a kusan kowane minti domin in tsawaita shi. Ƙanshin jemammiyar fata yana shigowa ya zauna, tare da ɗacin gahawa da aka soya sosai da na baƙin cakulan marar sukari, sannan can ƙasa akwai wani zaƙi siriri da ba ya bayyana sai bayan hayaƙin ya fita. Halinsa a nan irin na goro ne mai kyau, wanda yake fara ba ka ɗaci, sai ka kurɓi ruwa ka ji baki ya yi zaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗannan ɗanɗano ba sa zuwa a cakuɗe. Wata zuƙar fata ce take gaba, wata gahawa, wata kuma yajin farko ne yake leƙowa ya koma, ta yadda mutum ba ya gajiya ko da yake jigon bai canza ba. Akwai kuma ɗan gishiri-gishiri a leɓe da wani tsami mai sauƙi da na saba ji a tabar Kyuba, wanda ban cika samunsa a ta wasu ƙasashe ba. Tokar launin toka ce mai duhu, tana da layi-layi, kuma takan riƙe kusan tsawon gaɓar yatsa kafin ta faɗi. Ba na kaɗe ta da wuri, domin tana rufe wutar ta rage mata zafi, hayaƙin ya iso baki da sanyi.

A sulusin ƙarshe komai yana yin duhu. Zaƙin yana raguwa, ƙasa da gasasshen katako da masoro su mamaye, kuma a nan ne nikotin yake sanar da kansa. Hayaƙin tabar ganye ba a haɗiye shi zuwa huhu kamar na sigari, amma nikotin ɗinsa yana shiga jini ta fatar baki, kuma kara ɗaya irin wannan yana ɗauke da ganyen da ya ninka na karan sigari sau da yawa. Wanda bai saba ba zai ji gumi mai sanyi a goshi, cikinsa ya juya, ƙafafunsa su yi sanyi. Ni ina ajiye shi idan ya rage kamar faɗin yatsu biyu, da zarar zafi ya fara isa leɓe, kuma ba na murƙushe shi a mazubin toka, domin yana mutuwa da kansa, murƙushewa kuwa wari kawai take tayarwa. Daga kunnawa zuwa ajiyewa yakan ɗauke ni kusan awa ɗaya, wani lokaci fiye.

Saboda wannan ƙarfi, ba na shansa da safe ko da yunwa. Wurinsa bayan abincin dare ne mai nauyi, tuwo ko shinkafa da nama, a zaune a waje inda iska take kaɗawa kaɗan, nesa da yara da iyali, tun da hayaƙinsa yana kama tufafi da labule ya kwana. Abin sha da ya fi dacewa da shi a wurina shi ne gahawa mai ɗaci ko baƙin shayi da sukari kaɗan, da kuma ruwa a kusa. Na gwada shi da shayi mai citta da kanumfari, sai yaji ya haɗu da yaji aka rasa na ji. Zoɓo kuwa tsaminsa yana kashe zaƙin nan na tsakiya gaba ɗaya. Dabino biyu ko uku a gefe suna da amfani, domin ɗan zaƙi yana kwantar da jiri idan ya taso.

Shekarun kara suna canza halinsa ƙwarai. A ƙasan kowane akwati na asali akwai hatimin wata da shekarar da aka cika shi, kuma ya kamata mai saye ya duba. Wanda bai daɗe da fitowa ba yana da kaifi da ɗan warin da ke tsinkar hanci, saboda ganyen bai gama sakin abin da ke cikinsa ba. Wanda ya kwana shekara biyu ko uku a ajiya mai kyau yajinsa yana laushi, ɗanɗanon fata da cakulan su fito fili, ƙarfin kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. A nan ne mai zama a ƙasar Hausa yake da aiki a gabansa, domin wannan ganye yana son danshi na kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi na kusan digiri 18, mu kuwa muna da hunturu da bazara. Iskar hunturu tana iya busar da kara a cikin kwanaki kaɗan idan aka bar shi a fili, ganyen waje ya tsage, man da ke ɗauke da ƙanshi ya tafi, kuma ko an mayar masa da danshi ba ya komawa yadda yake. Zafin watan Afrilu kuma yana ƙyanƙyashe ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke huda ganyen taba, ya bar ƙananan ramuka da gari a ƙasan akwati. Abin da ya yi mini aiki shi ne mazubin roba mai rufewa ruf, da 'yar jakar daidaita danshi a ciki, da ma'aunin danshi, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gida. Firij ba wurinsa ba ne, yana busar da shi ya kuma sa masa warin abinci.

Idan aka kwatanta shi da manyan tabar Nikaraguwa, kamar Padrón 1964 Anniversary da ake naɗewa a garin Estelí na ƙasar, wadda aka fitar a 1994 domin cikar kamfanin shekara 30, bambancin a fili yake. Padrón mai baƙin ganye ta fi zaƙi da santsi, cakulan da gahawa ne a gaba tun daga farko har ƙarshe, zuƙarta kuma a buɗe take. Partagás ta fi ƙasa da fata da yaji, ta fi kaushi, ta kuma fi sauyawa tsakanin farko da ƙarshe. Wanda yake son daɗi kai tsaye zai fi jin daɗin ta farkon, ni kuwa sauyawar nan ce take mayar da ni ga ta biyun. Ya kamata kuma a sani cewa akwai wata Partagás dabam da ake yi a Jamhuriyar Dominika domin kasuwar Amurka, inda takunkumin da aka ƙaƙaba wa Kyuba tun 1962 ya hana sayar da ta asali. Waccan an san ta da ganyen waje na Kamaru, tana da nata daɗin, amma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya saye ta da zaton wannan ce zai ji ba abin da aka ba shi labari ba ne.

Jabu ya yi yawa a wannan kasuwa, kuma sunan da ya fi tashe shi aka fi kwaikwaya. Akwati na gaskiya yana da koren hatimin gwamnatin Kyuba mai hoton da ke walƙiya da lambar tantancewa, da tambarin Habanos, kamfanin da ke fitar da tabar Kyuba, a kusurwa, da rubutun Hecho en Cuba (an yi a Kyuba) da Totalmente a mano (da hannu zalla) da aka ƙona a ƙasansa. Duk wanda ya kawo maka akwati mai murfin gilashi, ko ya sa farashin da bai kai rabin na kanti mai lasisi ba, ka bar masa kayansa. Na taɓa warware wani kara da aka ba wani abokina kyauta daga hannun ɗan talla, maimakon dogayen ganye da suka miƙe daga kai zuwa gindi, sai ga guntattaki da jijiyoyi da ƙura. Na asalin kuma tsada gare shi, musamman tun daga 2022 da farashin tabar Kyuba ya tashi a ko'ina, ga kuma halin da naira take ciki.

Ba zan ɓoye ba, rashin haɗiye hayaƙin bai mayar da ita marar illa ba. Tabar ganye tana jawo sankarar baki da harshe da maƙogwaro, tana lalata dasashi, kuma nikotin ɗinta yana kama mutum kamar na kowace taba, don haka wanda ba ya sha ba shi da dalilin farawa saboda wannan rubutu. Wanda ya riga ya saba da tabar ganye mai sauƙi kuma yake son ya san abin da ake nufi da mai nauyi, shawarata ita ce ya sayi kara biyu ko uku a bututu daga kanti mai lasisi kafin ya yi tunanin akwati, ya bar su su huta a mazubinsa na wata guda bayan tafiya, sannan ya kunna na farko bayan ya ci ya ƙoshi, a daren da ba shi da inda za shi.