Paxlovid ga wanda aka yi wa dashe: yana rage haɗarin korona, amma sai an kula da zuciya

Kwalin Paxlovid, maganin korona na kamfanin Pfizer, ɗan ƙarami ne. A cikinsa akwai kati 5, kowane kati na yini ɗaya, an raba shi gida biyu, na safe da na dare. Kowane sha ƙwaya 3 ne: 2 masu launin ruwan hoda, wato nirmatrelvir miligiram 150 kowacce, da fara guda ɗaya, ritonavir miligiram 100. Ƙwaya 30 ke nan a kwana 5, kuma dole a fara cikin kwana 5 da bayyanar alamun ciwo. Ana haɗiye su ne ba a taunawa, da abinci ko babu. Tsarin katin ya yi kyau, domin mai zazzaɓi da kansa ke juyawa ba zai ruɗe ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izinin gaggawa a Disamban 2021, ta kuma amince da shi gaba ɗaya a Mayun 2023. A babban gwajin da aka yi kan masu haɗari da ba a yi wa rigakafi ba, ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi 89 cikin 100.

Ba mu da ja a kan ingancinsa. Damuwarmu tana kan mutumin da yake ɗauke da zuciya, ƙoda, hanta ko huhun dashe, wanda shi ne ya fi kowa buƙatar maganin, kuma shi ne maganin ya fi iya cutarwa.

Korona tana taɓa zuciya ta hanyoyi da dama. Tana iya kumbura tsokar zuciya, abin da ake ganewa ta hauhawar sinadarin troponin a jini. Tana sa jini ya riƙa yin guda a jijiyoyi, tana rikita bugu, kuma idan huhu ya cika da ruwa iska ta yi ƙaranci, ɓangaren dama na zuciya ne ke ɗaukar nauyin turo jini cikin huhun da ya yi tauri. Ga mai dashen zuciya akwai ƙarin matsala: lokacin tiyata an yanke jijiyoyin saƙo da ke haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka sau da yawa ba ya jin ciwon ƙirjin da ke gargaɗar sauran mutane. Bugunsa na hutu ma ya saba kaiwa 90 zuwa 110 a minti, saboda haka saurin bugu ba ya tayar masa da hankali. Magungunan danne garkuwar jiki kuma suna ɓoye zazzaɓi. Abin da ya rage masa sai kasala, haki, kumburin ƙafa da ƙaruwar nauyi cikin kwana biyu ko uku. Waɗannan alamun kuwa su ne dai alamun jiki na ƙin karɓar dashe, shi ya sa likita ke buƙatar hoton zuciya, wani lokaci har da ɗebo ɗan tsokar zuciya a duba. Masu dashen ƙoda ma ba su tsira ba, tunda yawancinsu suna da hawan jini ko ciwon suga tun kafin korona ta zo. Don haka maganin da zai dakatar da ƙwayar cutar da wuri abu ne mai daraja ƙwarai a wurinsu.

Matsalar tana cikin farar ƙwayar. Ritonavir ba ya kashe korona. An sa shi ne don ya toshe wani sinadarin hanta da hanji mai suna CYP3A4, domin nirmatrelvir ya daɗe a jini. To, da wannan sinadarin ne jiki ke narkar da tacrolimus, da cyclosporine, da sirolimus, da everolimus, wato magungunan da ke riƙe da dashen. Idan aka toshe ƙofar aka ci gaba da shan tacrolimus yadda aka saba, sai ya taru kamar ruwa a kwatar da aka cushe. Wanda aka daɗe da yi wa dashe galibi ana so ma'auninsa ya tsaya tsakanin nanogiram 5 zuwa 10 a kowace mililita ta jini. An sha samun waɗanda nasu ya haura 30 cikin 'yan kwanaki. Abin da ke biyo baya shi ne karkarwar hannu, ciwon kai, ruɗewa ko jijjiga, raguwar fitsari, hawan jini, da taruwar fotasiyam. Wannan na ƙarshe kai tsaye yake zuwa zuciya, yana iya rikita bugu har ya tsayar da ita. Ga kuma gudawa, wadda korona da Paxlovid duk suke kawowa, ita ma tana ɗaga tacrolimus.

Rage kashin tacrolimus zuwa rabi ba ya isa, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Abin da cibiyoyin dashe suka fi yi shi ne su dakatar da shi gaba ɗaya daga ranar farko, su auna shi a jini ana tsakiyar shan maganin, su sake aunawa bayan an gama, sannan su dawo da shi kaɗan-kaɗan bisa abin da gwaji ya nuna. Cyclosporine kuwa akan rage shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Toshewar ba ta ƙarewa da ƙwayar ƙarshe, tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku ko fiye, musamman ga tsofaffi. Wanda ya koma cikakken kashinsa a rana ta 6 da kansa ya jefa kansa cikin haɗari, wanda kuma ya jinkirta da yawa ya bar dashensa ba kariya. Duk wannan aikin likitan dashe ne, ba na majiyyaci ba.

Sai magungunan zuciyar kansu. Amiodarone, flecainide, ranolazine, ivabradine da eplerenone ba a haɗa su da Paxlovid. Amiodarone ma yakan yi makonni a jiki, don haka tsayar da shi yau ba ya warware komai. Simvastatin da lovastatin, magungunan rage kitse a jini, ana ajiye su aƙalla awa 12 kafin a fara, a kuma bar su har kwana 5 bayan an gama, saboda suna iya lalata tsoka. Clopidogrel, maganin hana jini yin guda, ƙarfinsa raguwa yake yi, abin tsoro ne ga wanda aka sa wa ƙarfen buɗa jijiyar zuciya kwanan nan. Ticagrelor da rivaroxaban kuma, su ma masu hana jini yin guda ne, ƙaruwa suke yi, su jawo zubar jini. Amlodipine da diltiazem suna iya saukar da hawan jini fiye da kima, digoxin yana buƙatar aunawa. Takardar cikin kwalin ta jera waɗannan, da babban gargaɗi a samanta, amma rubutun ƙanana ne kuma mai tsawo, marar lafiya ba zai bi shi ba.

Ƙoda ma tana canza lissafi. Idan gwajin eGFR, wanda ke auna ƙarfin aikin ƙoda, ya faɗi tsakanin 30 da ƙasa da 60, wanda shi ne halin masu dashe da yawa, ƙwayar ruwan hoda ɗaya ake sha maimakon 2, kuma akwai kwali na daban da aka shirya haka. A duba kwalin kafin a karɓa.

A ra'ayinmu, inda ake iya samun remdesivir, wani maganin korona na daban, shi ya fi dacewa da mai dashe. Ta jijiya ake ba da shi kwana 3 a jere, miligiram 200 ranar farko, 100 a sauran biyun, cikin kwana 7 da fara ciwo, kuma ba ya hargitsa tacrolimus. Wahalarsa ita ce zuwa asibiti sau uku, sannan an ga yana rage saurin bugu ga wasu, don haka a riƙa aunawa. Molnupiravir, shi ma maganin korona ne, ba shi da rikicin haɗuwa da magunguna, amma ƙarfinsa bai kai ba, kuma ba a ba mai ciki. Paxlovid ya cancanta ne idan likitan dashe ya ga jerin magungunan mutum duka, kuma akwai ɗakin gwajin da zai fitar da sakamakon tacrolimus cikin yini ɗaya ko biyu. Idan babu wannan, a nemi wani maganin.

Ɗacin ƙarfe da yake bari a baki ba abin damuwa ba ne, yana wucewa. Wanda ya manta sha, idan bai wuce awa 8 ba ya sha, idan ya wuce ya jira na gaba, kada ya ninka. A kwanakin shan maganin da makon da ke biye, a auna hawan jini, bugu da nauyi kowace safiya a rubuta. Jiri, suma, bugun da ke tsallake ko fitsarin da ya ragu sosai suna buƙatar asibiti a ranar, tare da kwalin maganin a hannu.