Daga Jidda: Kyamarori Masu Cikakkiyar Sensa, Farashinsu da Abin da Ke Tafe

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a na Kano, musamman na Titin Zoo da kewaye. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya tare da iyali, na ga ya dace in amsa tambayar da kuka fi yi mini tun da na zauna a Jidda, wato ko mai hoto ya ci gaba da tara kuɗi yana jiran ranar da kyamara mai cikakkiyar sensa za ta yi araha, ko kuwa ya sayi abin da ke kasuwa yanzu. Ra'ayina shi ne kada kowa ya jira, kuma zan kawo dalilaina daga abin da nake gani a shagunan nan da kuma yadda farashin waɗannan kyamarori ya yi ta tafiya a shekarun baya.

Sensa ita ce ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara ya mayar da shi hoto. Abin da ake nufi da cikakkiyar sensa shi ne sensar da girmanta ya kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai da girman hoto guda a kan fim ɗin da iyayen gidanmu suka yi aiki da shi kafin zuwan dijital. Ta ninka sensar ƙananan kyamarorin da yawancinmu muka fara da su fiye da sau biyu, shi ya sa take tattara haske da yawa, hotonta na dare ya fi tsabta, kuma ta fi iya fito da mutum tas ta dusashe abin da ke bayansa. Tsadarta ma daga girman ta samo asali, domin ana yanka sensa ne daga faifan silikon mai iyakantaccen faɗi, babbar sensa kaɗan ce ke fita daga kowane faifai, kuma aibi ɗaya ƙanƙane ya isa a jefar da guda sukutum.

A shekarar 2002 kamfanin Canon ya fitar da EOS-1Ds a kan kusan dala 8,000. A 2005 ya kawo 5D a kan kusan dala 3,300, a 2012 kuma Canon 6D da Nikon D600 suka sauko zuwa kusan dala 2,100. Sony ya shigo da A7 marar madubi, wato wadda babu madubin da ke mayar da haske zuwa wurin leƙawa a cikinta, a 2013 a kan kusan dala 1,700, sannan Canon RP ta fito a 2019 a kan kusan dala 1,300. Wanda ya dubi wannan jerin zai ɗauka saukar za ta ci gaba har abada, amma daga nan ta tsaya, har ma ta fara juyawa, domin Canon R8 ta 2023 ta zo a kan kusan dala 1,500, Nikon Z5 II ta 2025 kuma kusan dala 1,700, alhali Z5 ta farko da ta gada ta fito a kan kusan 1,400 a 2020.

Dalilin tsayawar ba ɓoyayye ba ne. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 120, a 'yan shekarun nan kuwa ba sa kai miliyan 10 a shekara, saboda wayar salula ta cinye kasuwar masu ɗaukar hoto don nishaɗi. Kamfanin da ya rasa yawan masu saye dole ya nemi ribarsa daga tsadar kowace guda, don haka hasashena shi ne sabuwar kyamara mai cikakkiyar sensa mafi araha za ta ci gaba da zama tsakanin dala 1,300 da 1,800 a shekaru masu zuwa, matsakaiciyar da ake aikin biki da ita kuma tsakanin 2,500 da 3,000. Abin da zai riƙa canzawa shi ne yawan fasahar da ake zuba wa mutum a kan wannan kuɗin.

A nan ne bambancin Jidda da Kano yake fitowa fili. Tun 1986 riyal yake ɗaure da dala a kan 3.75, saboda haka kyamarar dala 2,000 riyal 7,500 ce a lissafi, bara haka, bana haka, sai dai harajin VAT da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, wanda ya ninka kashi 7.5 na Najeriya. Mai hoto a nan yana iya tsara cewa zai ajiye riyal 700 kowane wata na shekara guda, kuma idan shekarar ta cika ya tarar da kayan inda ya bar su. Ku kuwa kun ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023: dala 2,000 da ba ta kai naira miliyan ɗaya ba a farashin hukuma ta koma miliyan uku da dala ta haura 1,500 a 2024. Mai tara naira yana jiran kyamarar gobe yana iya wayar gari kuɗinsa bai kai na kyamarar jiya ba, kuma wannan shi ne babban abin da ke damuna game da shawarar jira.

Bayan kwanciyar kuɗi, akwai hidimar da ke biye da ciniki. A manyan shaguna irin su Jarir da eXtra, da kuma shagunan da kyamara kaɗai suke sayarwa, kayan da suka shigo ta hannun wakilin kamfani suna zuwa da garanti na shekara biyu, ana ba da rasit mai lambar kyamarar, kuma ana iya raba kuɗin a biya kaɗan-kaɗan ta Tabby ko Tamara. A watan Nuwamba ana yin rangwamen da suke kira Farar Juma'a. Wani mai shago ya taɓa nuna mini yadda suke karɓar mai saye da gaske: ya shimfiɗa ƙyalle a kan kanta, ya cire murfin jikin kyamarar, ya karkata ta ga fitila domin in ga sensar tana walƙiya babu ko ɗigon ƙura, sannan ya ɗaura mata gilashi ya ce in fita bakin ƙofa in gwada ta a kan fuskokin masu wucewa da hasken titi, tunda a cewarsa hasken cikin shago yana yi wa kowace kyamara ado. A gida akasarinmu muna aika kuɗi Legas ne ko mu ba wani saƙo daga Dubai, kaya su iso a kwali, idan matsala ta fito kuma sai dai a nemi mai gyaran da zai gwada sa'arsa. Sai dai a sani, a shagunan intanet na nan ma ana sayar da kayan da ba su bi ta hannun wakili ba, sun fi araha amma wakili ba ya ɗaukar nauyin gyaransu, kuma garantin Saudiyya ba ya bin kyamara zuwa Najeriya.

Game da fasahar da ke tafe, hanya mafi sauƙi ta hangen gobe ita ce a dubi abin da ke cikin kyamarori mafi tsada a yau, domin al'adar kamfanonin ita ce su sauko da shi zuwa matsakaita bayan 'yan shekaru. Nikon Z9 ta 2021 ta fito ba tare da labulen ƙarfe mai buɗewa da rufewa a gaban sensa lokacin ɗaukar hoto ba, sensar ce kaɗai ke yin aikin. Sony A9 III da aka sanar a ƙarshen 2023 a kan kusan dala 6,000, wato riyal 22,500 kafin haraji, tana karanta dukan sensar a lokaci guda, tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa ɗaya, abu mai gudu ba ya lanƙwashewa a hotonta, kuma filasha tana aiki da ita a kowane sauri. Nikon Z6 III ta 2024 ta riga ta kawo wani ɓangare na irin wannan saurin zuwa dala 2,500. Ina sa ran kafin shekarar 2030 labulen ƙarfe zai ɓace daga yawancin matsakaitan kyamarori, kuma hakan alheri ne babba gare mu, tunda labule yana cikin sassan da suka fi mutuwa a hannun mai aikin biki, kuma canza shi ba ƙaramin aiki ba ne a inda babu cibiyar gyara.

Sai kuma saitin da kyamara ke yi da kanta, wanda a nan aka fi samun ci gaba. Kyamarorin yanzu suna gane idon mutum da na tsuntsu da mota, Canon R6 Mark II ta 2022 har doki tana ganewa, wasu kuma suna ajiye hotunan da suka gabaci danna maɓalli. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, dawaki sun taso a guje za su yi jafi, ƙura ta turnuƙe, ya san darajar wannan. Abin da nake fata kamfanoni su kula da shi shi ne fuskar da amawali ya rufe rabinta, da mace mai niƙabi, da baƙar fata a ƙarƙashin farar babbar riga da tsakar rana, domin a irin waɗannan wurare ne na ga saitin yana yawan ruɗewa ya koma kan wani abu dabam. Yawan megafiksel kuwa bai dame ni ba. Sony ya kai 61 tun 2019, amma 24 ya ishi kowane kundin biki da kowane allon talla, ƙari a kan haka sai cika kati da wahalar da kwamfuta.

Ta fuskar bidiyo, wanda shi ne abincin 'yan Kannywood, an san cewa Canon 5D Mark II ta 2008 ce ta buɗe wa masu ƙaramin jari ƙofar yin fim mai kyan gani. Nikon ya sayi kamfanin RED na kyamarorin sinima a 2024, abin da ke nuna cewa katangar da ke tsakanin kyamarar hoto da ta fim za ta ci gaba da rushewa. A nan Saudiyya buƙatar ta ƙaru tun da aka sake buɗe gidajen sinima a 2018 kuma aka fara bikin fina-finai na Bahar Maliya a Jidda a 2021. Amma akwai matsalar da ni da ku muka yi tarayya a kanta, wato zafi. Canon R5 ta 2020 ta zo da bidiyon 8K, sai ga shi an yi ta kuka da yadda take ɗaukar zafi ta tsaya. Kyamarar da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba lalle ta jure ranar Jidda a watan Agusta ko ta Kano a watan Afrilu ba, don haka mai aikin bidiyo ya fifita wadda aka sanya wa fanka ko hanyar fitar da zafi a kan wadda ta fi yawan lambobi a jikin kwali.

Ƙura da batir su ma haka. Kyamara marar madubi sensarta a buɗe take da zarar an cire gilashi, kuma ƙurar hunturu ba ta da tausayi, shi ya sa nake yaba waɗanda ke rufe sensar idan an kashe su, kamar yadda Canon ya fara yi a EOS R ta 2018. Batir kuma har yanzu tsofaffin masu madubi ne a gaba, domin a ma'aunin kamfanoni Nikon D750 tana ɗaukar hoto sama da 1,200 da caji ɗaya, Canon RP kuwa kusan 250. Sauƙin da aka samu shi ne dokar Tarayyar Turai da ta wajabta caji ta USB-C tun ƙarshen 2024, wadda ta shafi kyamarori, saboda haka sababbin da ke fitowa za su yi caji da fawa-bank a ƙauyen da babu wuta.

Inda arahar gaskiya take shi ne kasuwar kayan hannu. Canon ya bayyana tun ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce babbar kyamararsa mai madubi ta ƙarshe, kuma masu hoto a nan suna ta komawa marasa madubi suna fitar da tsofaffin kayansu a shafin Haraj. Ana samun 5D Mark IV da 6D Mark II da D750 da A7 III, da yawansu ba su sha wahala ba, tunda wasu masu su don sha'awa kawai suka saya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai an duba ta da kyau. Yadda muke yi shi ne a haɗu da mai kaya a wurin shan gahawa bayan sallar Isha'i, a sa kati a ɗauki hoto, a duba adadin bugun labulen a kwamfuta, a tsuke ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashi a ɗauki farin bango domin tabo ya bayyana, a kuma haska fitilar waya cikin gilashin saboda danshin Jidda yana haifar da fumfuna a tsakanin gilasai.

Gilashin ma shi ya kamata ya ci mafi yawan jarin, domin jikin kyamara yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana wuce jiki biyu ko uku. Tsofaffin gilasan Canon da Nikon suna aiki a kan sababbin jikuna ta hanyar adafta, saboda haka wanda ya saya yau bai yi asara ba idan ya canza gobe. Sony ya bar ƙofarsa a buɗe ga Sigma da Tamron da kamfanonin China irin su Viltrox su ƙera gilasan da ke shiga jikin kyamarorinsa, shi ya sa gilasansa masu araha suka fi yawa a shagunan nan, kuma ina ganin gasar 'yan China za ta fi rage wa mai hoto kuɗi a nan gaba fiye da duk wata sabuwar kyamara.

Ga masu tunanin ba alhazai ko masu Umara saƙo, a tabbatar an karɓi rasit, a sa batura a jakar hannu domin jiragen sama ba sa yarda da su a cikin manyan kaya, a kuma ja kunnen ɗan saƙon kada ya ce zai gwada kyamarar a Harami ko a kan mutane ba da izininsu ba, tunda dokar ƙasar nan ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar ɗaukar hoto. A gaida iyayen gida da dukan yaran situdiyo. Wassalam.